Ba wanda ya gaya min dawowa daga Makka ma aiki ne

A bita an koya mana komai, yadda ake niyya, ɗawafi, Safa da Marwa, jifa, har yadda za ki ɓoye guzurinki a jiki. Amma ko malami ɗaya bai ce mana uffan ba kan abin da ke jiran mutum in ya dawo gida, kuma wallahi ni nan ne na fi shan wuya.

Hajjin 2023 na yi, kujerar kusan miliyan 3, adashe da 'yan sarƙoƙina da gudummawar yayana suka haɗa ta. Muna cikin jiragen farko, ƙarshen Mayu muka tashi, muna Madina aka rantsar da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Mun ji labarin a waya amma wa ke ta fetur yana neman shiga Rauda? Mun bar lita ƙasa da naira 200, muka dawo ta haura 500, kafin Yuli ya ƙare ta haye 600. Albashina na koyarwa kuwa yana nan inda na bar shi.

Toh ga gida cike da 'yan barka, kuma haƙƙinsu ne, ba na ƙorafi da zuwansu. Amma kowa sai an ɗora masa tukunya, kowa da ɗan ƙullin dabino da bagaruwa da carbi, zamzam ɗin nan lita 5 ce kacal ake ba kowane alhaji, sai da muka riƙa tsarma ta da ruwa don ta zagaya dangi. Duk wannan ina yi ne da tarin nan da ake dawowa da shi, muryata ko fita ba ta yi. Wata gwaggona ta juya abayar da na kawo mata ta ce, "Hajiya, ai irin wannan akwai ta a Kwari." Gaskiya ta faɗa, akwai, har ma ta fi araha, amma na ji zafin maganar.

Sunan ma kansa da tsadarsa. Mai adaidaita ya ji an ce Hajiya sai kuɗi ya ƙaru, mai kayan miya haka, wanda ke jiran in biya shi bashi ya daina jin nauyi, masu neman taimako kuma suka ninka don a ganinsu wanda ya je Makka ba ya rasawa. Alhali ko kuɗin makarantar yara ban ajiye ba, komai ya tafi a tafiyar, ga zubin adashe yana jirana tunda na riga na kwasa. Watan Satumba sai da na ci bashi, ni da ake kira Hajiya.

Sai kuma ɗaya abun, wanda ban iya faɗa wa kowa ba a lokacin. A can ba ni da aikin komai sai ibada, kafin asuba ina Harami, ina kallon Ka'aba hawaye na zuba ba tare da na nema ba. Ranar Arfa na yi alkawura da yawa tsakanina da Allah. Na dawo ga wanki, ga ba wuta, ga yara sittin da wani abu a aji, sai na tsinci kaina ina sallar la'asar a gurguje hankalina na kan tukunya. Ranar da na fara yi wa ɗana tsawa na shiga ɗaki na yi kuka sosai, nace shikenan hajjin bai karɓu ba, tunda malamai na cewa alamar karɓuwa mutum ya dawo ya fi yadda ya tafi.

Wata tsohuwa a Islamiyyarmu ce ta kwantar min da hankali. Ta ce, "'Yar nan, a can dafa miki ake yi, a nan ke ce mai dafawa. Ɗauki abu ɗaya ki riƙe." Na zaɓi shafi biyu na Alƙur'ani bayan asuba, sauran alkawuran na bar su suna zuwa a hankali, wasu har yau ba su iso ba.

Dan Allah duk mai niyya, ki ware kuɗin cefanen wata biyu da na makarantar yara tun kafin ki biya kujera, ki damƙa wa wanda ba zai ba ki ba ko kin kira shi daga Makka kina magiya. Tsaraba kuma ki saya a gida kafin ki tafi, dabino da zamzam kawai za ki ɗauko. In da hali ki nemi ƙarin hutun mako ɗaya a wurin aiki, don ni kam na koma aji da tari na kasa ko kiran suna.

Bashin na Satumba sai bayan azumi na gama biyansa.