Abin da wagon ɗin Marsandi ta koya mini a gareji

Mu nan arewa mun san wagon tun kafin mu san Marsandi. Fijo 504 da 505 masu dogon baya, haɗin Kaduna, su suka yi ta jigila tsakanin Kano da Jos da Maiduguri, a danƙara musu fasinja da buhuna, in sun mace a hanya kowane bakanike na bakin titi ya tashe su da sufana da sukuddireba. Da wannan tunanin mutane ke zuwa sayen wagon ɗin Marsandi E-Class samfurin W211, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2009. Suna ganinta 'yar Kwatano, kujerun fata, but ɗin da zai ɗauke kayan lefe gaba ɗaya, ga farashi ya faɗo. Abin da aikin gareji ya nuna mini shi ne motar ce kawai ta yi araha. Kayan gyaranta suna nan a farashin motar manya, kuma ƙaramar matsalar da aka ƙyale ita ke kashe babban ƙarfe.

Bayanta ne makarantata ta farko. Wagon ɗin ba ta zaune a kan sifirin na ƙarfe, jakunkunan iska ne na roba guda biyu, da kwamfuresa mai hura su, don ko an cika ta da kaya ta tsaya daidai. Roba kuwa tana tsufa, balle ga zafinmu da ƙura da ramuka. Alama ta farko, a wayi gari a ga bayan ya durƙusa kamar raƙumi. Mai mota ya tayar, kwamfuresa ta yi gurnani, baya ya ɗago, sai ya ce, "Ai Oga tana tashi da kanta." Nan asarar take farawa. An yi kwamfuresar ne don ta ɗan hura ta huta. Idan jaka na yoyo sai ta wuni tana aiki, ta ɗau zafi, ta ƙone, wani lokaci rile ɗinta, wato makunnin da ke ba ta wuta, ya maƙale ta shanye batir cikin dare. Wanda ya ƙi sayen jaka ɗaya sai ya dawo sayen jaka biyu da kwamfuresa.

Gwajin kuma ba ya cin ko sisi. Ruwan sabulu muke zubawa a gora, mu huda murfin, a ɗaga mota, a fesa a jikin jakar, musamman wurin da robar ke naɗewa, da bakin siraran bututun iska. Sai ka kashe rediyo ka zuba ido. Inda kumfa ta fara tasowa ƙanana-ƙanana, nan ne. Wasu kan ce a cire iskar baki ɗaya a sa sifirin. Ina yi wa wanda aljihunsa ya gaza, amma sai na gaya masa gaskiya: ranar da ya lodi iyali da kaya, bayan zai zauna, fitilun gaba su koma haska sama, kuma abin da ya sa ake kiranta wagon ɗin Marsandi ya tafi.

Birki ne ya fi ba ni tsoro. Waɗanda aka yi kafin a sabunta fasalin motar a 2006 suna da tsarin da ake kira SBC. Ƙafarka ba ita ke matse tayoyi kai tsaye ba, saƙo take aikawa, kwamfuta ta lissafa, famfon lantarki ya tura mai. Abu na farko da maigidana ya koya mini, kuma shi nake fara koya wa yara, shi ne ba a sa hannu a birkin nan sai an kashe tsarin, an kuma nisanta makulli. Da zarar wani ya buɗe ƙofa, motar kan farka ta gwada kanta, ta turo fistin mai matse takalmin birki da ƙarfin da zai niƙe yatsa. Yaro mai canza takalmin birki, abokinsa ya buɗe ƙofa zai ɗauko cajar waya, shi ke nan.

Famfon yana ƙirga yawan takun birki, idan ya kai iyakarsa sai gargaɗi ya fito a dashbod. In tsarin ya mutu ɗungurungum, tayoyin gaba kaɗai ke kamawa, su ma sai an taka da ƙarfin gaske. Kamfanin da kansa ya janye motoci don duba shi a 2004, ya sake janye kusan miliyan 1.3 a 2005, daga bisani ya koma birki irin na kowa a 2006. Akwai masu jona kwamfuta su goge ƙirgen, gargaɗi ya ɓace, mai mota ya tafi yana godiya. Ni ba na yi. Goge lamba ba ya mayar da tsohon famfo sabo, kuma motar da ake saya don ɗaukar yara ce, wasunsu ma har da ƙaramar kujera ta uku a but mai kallon baya.

Inji ya danganta da wanda ka faɗa. Injin M112 na samfurin E320 jarumi ne, sai dai silinda shida fulogi goma sha biyu, kuma duk wanda na miƙa wa lissafin sai ya ɗaga kai ya dube ni. Baƙin mai lita takwas yake sha, mai lamba 229.5, ba na durom ɗin bakin hanya ba. M272 na E350 kuwa, na farko-farkonsa suna da wani ɗan haƙorin ƙarfe a sandar daidaita girgiza da ke cinyewa da wuri. Ƙarfen bai cika tafin hannu ba, amma sai an sauke inji kafin a kai gare shi, don haka kuɗin aiki ya ninka kuɗin kaya. Giya ma tana da nata: a na farkon fitowa lagireto kan zubo ruwa cikin man giya, ga wani soket mai ƙafa goma sha uku da ke yoyo, mai ya bi waya har kwamfutar giya. Soket ɗin ba tsada, kwamfutar ce tsada.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka kuma saki naira wata guda bayan haka, lissafin ya sake tsauri, domin kayan nan da yuro da dala ake sayo su. Sannan ga abin da mai salun bai sani ba: gilashin baya, fitilun baya, murfin but, duk na wagon daban ne. Ka zaga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano ka rasa, a yi waya kasuwar Ladipo a Legas, a ce sai kwantena ta iso, mota ta yi makonni a gareji tana shan ƙura. In an samu na Beljiyam, a tuna jakar iskar da aka ciro daga wata motar sa'ar taka ce a shekaru.

Shi ya sa idan wani ya ce in raka shi duba irin wannan motar, sharaɗina biyu. A bar ta ta kwana ba a tayar ba, mu zo da sassafe in auna tsayin baya da tef, hagu da dama, kafin kowa ya taɓa makulli. Sannan in jona kwamfuta in karanta birki da giya da lambar inji. Dillalai da yawa ba sa son sharaɗin farko, kuma akan iske wanda ya yarda ɗin ma ya riga mu zuwa, bonet da ɗumi.