Abin Da Na Koya Wajen Auna Tsallen Ido Yayin Bin Abu Mai Motsi

Ido ba ya bin abu mai motsi da salo ɗaya. Akwai bin sannu, inda yake tafiya sumul tare da abin, akwai kuma tsalle, wanda saurinsa kan kai digiri 500 a daƙiƙa, ya ƙare cikin milisakan 20 zuwa 80. Aikina shi ne raba su a bayanan da na'urar bin ido ke ɗauka.

Nakan zaunar da mutum santimita 57 daga allon kwamfuta, domin a wannan nisan santimita ɗaya a allo daidai yake da digiri ɗaya. Haɓa da goshi su zauna kan matokari, don in kai ya gusa, kunnen ciki zai sa ido ya juya ya rama motsin, lissafi ya gurɓace. Kyamara ta riƙa ɗaukar hoto 500 ko 1,000 a daƙiƙa. Mai ɗaukar 60 hoto biyu kacal za ta samu daga tsallen milisakan 30, kuma ba a auna sauri da hoto biyu.

Gwajin da ya fi koya mini shi ne wanda wani masani mai suna Rashbass ya fito da shi a 1961. Ɗigo yana tsakiyar allo, sai ya koma digiri 3 hagu farat ɗaya, nan take ya kama tafiya dama da saurin digiri 15 a daƙiƙa, ya ratsa tsakiya bayan milisakan 200. Abin mamaki, tun ɗigon yana hagu, ido kan fara tafiya dama bayan milisakan 100 zuwa 130, galibi ba tsalle. Ke nan bin sannu saurin abu yake karantawa, ba wurin da yake ba.

Da na cire komawar hagun, sai tsallen cimmawa, wato tsallen da ido ke yi don ya cim ma ɗigon, ya bayyana wajen milisakan 200. Nan ne ya kamata a zuba ido: ba ya sauka inda ɗigon yake lokacin da aka yanke shawara, yana sauka kusa da inda ɗigon ya isa. Ƙwaƙwalwa ta haɗa tazarar da saurin, ta yi ƙiyasi tun kafin ido ya tashi, domin tsallen ya fi saurin da gani zai iya gyara shi a hanya. Yankin MT na ɓawon ƙwaƙwalwa ke auna sauri, wani tudu a tsakiyar ƙwaƙwalwa mai ɗauke da taswirar filin gani ke zaɓar inda za a sauka. A tushen ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya da ke riƙe da birki; sai sun yi shiru sannan masu harba umarni su motsa tsokokin ido shida. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ita ke daidaita girman tsallen, kada ya zarce ko ya gaza. Don haka ban yarda a ɗauki kowane tsalle a matsayin gazawa ba. Da abu ya wuce digiri 30 a daƙiƙa, ido lafiyayye ma da tsalle yake cike giɓi.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne wajen tantancewa. Manhajoji da yawa na kiran duk motsin da ya wuce digiri 30 a daƙiƙa tsalle, alhali ido mai bin ɗigo mai sauri yana iya kai haka ba tsalle. Nakan cire saurin bin sannun tukuna, ko in dubi yadda saurin ke hauhawa. Ƙiftawa ma na kwaikwayon tsalle, saboda fatar ido na rufe ƙwayar a hankali, kyamara ta zaci ido ne ya motsa. Nakan zubar da milisakan 100 kafinta da bayanta.

Kada ɗigo ya riƙa tashi lokaci ɗaya zuwa gefe ɗaya, don ido zai haddace ya riga shi tashi. A cakuɗa gefen, a sassaɓa jira tsakanin daƙiƙa ɗaya da biyu. Gajiya, barasa da magungunan sa barci duk suna rage bin sannu su yawaita tsalle, shi ya sa nake tambaya kafin a zauna, in kuma ba da hutu bayan kowane minti biyar.