Karo-karo don jami'armu

Mu ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello mun iya adashi, mun iya karo-karon biki da suna. Amma da an ce a tallafa wa jami'ar kanta, sai ka ji "ai haƙƙin gwamnati ne." Gaskiya ne, kuma albashin ba ya kai mu ƙarshen wata. To amma tun 1962 wurin nan yake riƙe da gidaje a Samaru da Kongo. Ni kam da albashinsa na aurar da ƙannena.

A sashenmu kowa yakan ajiye dubu biyu duk wata, kuɗin tsire ne fa, mu biya wa ɗalibin da kuɗin rajista ya gagara. Malam, Hajiya, in wannan ya yi nauyi, Laburaren Kashim Ibrahim na nan, a kai ko littafi ɗaya.