Ranar kwance dandamali

Jiya da faɗuwar rana aka rufe kakar farautar barewa mai farar wutsiya a jiharmu a nan Amurka, takardar izinina kuwa tana nan fes a aljihu yadda aka ba ni ita. Yau da hantsi na koma dajin don in kwance ɗan dandamalin ƙarfen da na ɗaure a saman bishiya, wanda nake zama a kansa ina kwanto. Dajin gwamnati ne, kuma ƙa'idar wurin ita ce kowa ya kwashe kayansa idan kaka ta ƙare. Dattijon maƙwabcina, wanda shi ya jawo ni cikin harkar nan, ya ce zai raka ni. Babu bindiga a hannun kowa. Dusar ƙanƙara ta sauka cikin dare, ba mai yawa ba, daidai wadda za ta riƙe sawu.

Tun kafin mu kai gindin bishiyar ya ja ya tsaya, ya nuna ƙasa da sandarsa. Sawun kofato ne a rabe biyu, tsininsa na nuna inda dabbar ta dosa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Turba ce sosai, ta bi ta bayan bishiyata, ta cikin sarƙaƙiyar da na juya wa ƙeya tun farkon kaka, domin ni fili na fuskanta, inda ido ke gani nesa kuma harbi zai yi daɗi. Muka bi sawun muna sunkuye, rassa na zane mana fuska, har gefen tudu. A nan muka tarar da makwanci. Dusar ta narke ta bar shacin jiki dogo, ganyen da ke ƙasa ya kwanta lif, ga 'yan gashi masu ruwan toka sun maƙale, ga kashi baƙi ƙanana a gefe. Na sa tafin hannu a wurin, ya riga ya huce.

Na ce, "Baba, ashe nan suke kwana, kusa haka?"

Ya ce, "Nan suke yini, yaro. Tsaya a inda ya kwanta ka gaya min ta ina iska ke taɓa ka."

Na tsaya. Ta ƙeya take zuwa, idona kuma na kallon gangare har ƙasan kwari. Wato namijin barewa ya zaɓi wurin da hancinsa zai tsare masa baya, idonsa ya tsare masa gaba. Hanyar da nake bi da asuba in je bishiyata kuwa ta saman tudun take, daidai inda iska za ta ɗauki warina ta kai masa har makwanci. Ina can ina sanɗa, ina gudun taka busasshen reshe, alhali labarina ya riga ni isa. Dattijon ya ƙara min da wani abu da ban taɓa lura da shi ba. A wuri mai tudu da kwari, ko ranar da ganye ba ya motsi, iska tana tafiya. Idan rana ta dumama ƙasa da safe sai ta hau sama, da yamma in wuri ya yi sanyi sai ta gangaro kwari. Bishiyar da ta dace da safe tana iya zama ta banza da almuru.

Ni kuwa duk shirin da na yi, ido na shirya wa. Na sayi kaya masu zanen ganye, na yi ta jin haushin rigar ruwan lemo da doka ta ce mai bindiga ya sa, ina ganin ita ke tona min asiri. Ba ita ba ce. Barewa ba ta bambanta ruwan lemo da ja yadda mutum ke yi, shuɗi ne ya fi fito mata. Abin da ba ya wuce ta shi ne motsi, don idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan ko'ina ban da bayanta. Rigar don ɗan'uwanka maharbi aka yi ta, kada ya ga gilmawa ya ɗauka nama ne.

Sau da dama yau na tuna da macen nan ta watan Nuwamba, lokacin barbara, da ta fito min ta saman tudu gari bai gama wayewa ba. Ta tsaya cak, kunnuwa a miƙe, ta ɗaga ƙafar gaba ta buga ƙasa, ta sake bugawa. Tururi na fita daga hancinta. Zuciyata na dukan uku-uku, bakin bindiga sai rawa yake. Izinina ya halatta mace, yatsana kuma na kusa da kunama, amma a bayanta babu komai sai sarari, kuma harsashin da ya kuskure a irin wurin nan yana iya tafiya fiye da kilomita, ba ka san kan wa zai sauka ba. Ta yi huci mai ƙarfi, ta ɗaga wutsiya, farin ƙasanta ya bayyana, shi ke nan. A duk abin da ya faru a kakar nan, wannan ne ba zan canja ba ko da an mayar da ni. Da na ba dattijon labarin a lokacin, kai kawai ya gyaɗa.

A hanyar dawowa mun wuce 'yan itatuwan da namiji ya goge ƙaho a jikinsu har ɓawo ya saɓule, da wurin da ya tone ƙasa da kofato ƙarƙashin wani reshe ya bar warinsa. Su ne suka ruɗe ni na kafa dandamali a nan. Alamar gaskiya ce, sai dai yawanci cikin dare ake yin ta, kuma tana faɗin inda barewa ta bi ne a watan Oktoba. Da 'ya'yan itacen ok (oak), waɗanda barewa ke ci, suka ƙare a ƙasa, sai dabbobin suka koma cin tohon rassa a wani gefen. Da ƙarar bindiga ta cika daji a kwanakin farko, sai suka shige duhuwa suka daina fitowa fili da rana. Su suna ta sauya hali, ni ina kan bishiya ɗaya.

Abin dariyar shi ne ba ƙarancin barewa ake yi ba. Wajen 1900 irin wannan mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka, ƙiyasi bai wuce rabin miliyan ba. Yau ana maganar kusan miliyan 30. Cikin abin da ya dawo da ita akwai ƙayyade lokacin farauta, da dokar Pittman-Robertson ta 1937 wadda ke zuba harajin doguwar bindiga da harsashi, kashi 11 cikin ɗari, a aikin kula da namun daji. Ke nan harsasan da na ƙarar a filin gwaji ina gyara saiti sun amfani barewa fiye da yadda suka amfane ni.

Kwance dandamalin bai ɗauki lokaci ba, sai dai igiyoyin sun daskare, yatsuna suka yi tsami. Na ɗauko shi a baya, dattijon na gaba yana dogara sanda. Na ce masa ina tunanin sayen kyamarar nan da ake maƙalawa a bishiya ta riƙa ɗaukar duk abin da ya gilma. Ya ce in saya in ina so, amma tukuna in zo mu tattake dajin nan yanzu da babu ganye, babu kuma abin da za mu kora. Maza za su fara zubar da ƙaho daga Janairu zuwa Maris, domin nasu ƙashi ne da ke faɗuwa duk shekara ya sake tsirowa, kuma inda ka tsinci ƙaho ka san wanda ya tsallake kakar da inda yake fakewa.

Na sa alamar makwancin a taswirar wayata, da wata bishiya can ƙasan turbar wadda za ta yi aiki idan iska daga yamma take, muddin ta bakin rafi na shigo. Da daddare na goge bindiga na sa mata mai na kulle. Asabar za mu koma mu duba ƙetaren rafin, in dusar ba ta narke ba.