Saƙon Godiya Bayan Toshe Ɓarakar nf_tables a Sabobinmu

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina rubuta wannan saƙo a madadin sashen da ke kula da sabobin da muke ba jama'a haya, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da ayyukansu a intanet, domin gode wa duk waɗanda suka tsaya mana har muka toshe ɓarakar tsaro mai lamba CVE-2024-1086 da ke cikin kanel ɗin Linux, wato ginshiƙin manhajar da ke tafiyar da sabobin. Abokan hulɗarmu da dama sun tuntuɓe mu tun da hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta sanya ɓarakar cikin jerin waɗanda ake kai hari da su a ranar 30 ga Mayun 2024, suna tambayar ko mun toshe ta, kuma amsar ita ce mun gama namu aikin tun kafin ƙaramar Sallah.

Ɓarakar tana cikin nf_tables ne, wato ɓangaren katangar tsaro da ke yanke wa kowane ƙunshin bayanai hukunci, ko ya wuce ko a yar da shi. Kafin a gyara, kanel ba ya tantance lambar da mai amfani ke haɗawa da hukuncin yarwa, saboda haka mai mugun nufi zai iya zaɓar lambar da ta yi kama da izinin wucewa. Sai a yar da ƙunshin a saki gurbinsa a ma'adanar kwamfuta, amma a ci gaba da aiki da shi kamar yana nan, daga baya a sake sakin gurbin karo na biyu. Tamkar fili ɗaya ne aka sayar wa mutum biyu, kowa da takardarsa a hannu. Ta wannan hanya mai ƙaramin asusu yake samun cikakken iko a kan na'ura, abin da ya fi komai haɗari a wuri irin namu, inda mutane da yawa ke tarayya a saba ɗaya. Kuskuren ya shiga tun 2014, ya yi shekara goma yana kwance.

Godiya ta farko ta masu kula da Netfilter ce, wato katangar tsaron Linux da nf_tables ke cikinta, musamman Florian Westphal, wanda ya rubuta facin a Janairun 2024, gajeren gyara da ke ƙin karɓar irin waɗannan lambobi tun daga bakin ƙofa. Haka kuma ina gode wa mai binciken da ake kira Notselwyn, wanda ya gano matsalar ya kai rahoto, sannan a ƙarshen Maris ya wallafa cikakken bayani tare da manhajar gwaji da ke aiki a kan kanel 5.14 zuwa 6.6. Na san wasu takwarorina sun ji haushin wallafawar, domin ita ta hana mu barci, amma ni a ganina bai yi laifi ba. Ya jira har faci ya fito, kuma da bai nuna sauƙin abin ba, da wurare da yawa sun ci gaba da jan ƙafa.

Wallafawar ta zo a tsakiyar azumi, ta rushe jadawalin da muka tsara na sabunta na'urori a hankali. Sabon kanel ba ya fara aiki sai an kashe saba an sake kunna ta, kuma ba mu da lokacin da ya fi tsakar dare ƙarancin masu shiga. Abokan aikina suna idar da asham su dawo ofis, su yi ta bin sabobi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci a yi sahur da shayi da burodi a gaban allo ana jiran wata tsohuwar na'ura ta tashi. Ƙaramin cikinmu ne ya lura cewa wata saba ta tashi da tsohon kanel duk da an ɗora mata sabo, ya sa muka koma muka duba lambar kowace ɗaya da ido. Malamai, Allah Ya saka muku da alheri, Ya saka wa iyalanku da suka yi haƙurin rashinku a waɗannan darare.

Ga abokan hulɗarmu kuwa, haƙurinku ya fi abin da muka zata. Kafin faci ya kai ko'ina, mun rufe damar da ke ba ƙaramin asusu ikon buɗe keɓantaccen muhalli nasa, domin ta nan ake isa ga nf_tables ba tare da izini ba, kuma mun san matakin ya tsayar da ayyukan masu tafiyar da kwantena, wato manhajojin da ake killacewa a irin wannan muhalli, ba da babban asusu ba. Mafi yawanku kun karɓi uzurinmu, wasu ma sun taya mu gwaji bayan an dawo da damar.

Saura waɗanda ke riƙe da sabarsu da kansu, wadda ba mu da ikon taɓa kanel ɗinta. Muna roƙonku ku sabunta, ku sake kunna na'urar, sannan ku rubuta uname -r, umarnin da ke nuna lambar kanel ɗin da ke aiki, ku gwada lambar da ta fito da wadda masu rarraba Linux irin su Debian ko Ubuntu ko Red Hat suka bayyana a sanarwarsu. Wanda ya ga saɓani ya tuntuɓi sashenmu, za mu duba tare.