Godiya daga gidanmu na Birni, Damagaram

Assalamu alaikum. Ni da mai ɗakina muna godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar jaririnmu har zuwa rasuwarsa. Allah da ya ba mu shi ya karɓi abinsa tun kafin ranar suna.

Da yawa kun tambayi abin da ya same shi, tunda lafiya lau aka haife shi, har yana kama nono. Ga yadda likita ya zana mana a bayan takardar magani. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya tana lanƙwasawa a ƙirji, ta gangara ta kai jini ciki da ƙafafu. Tasa a katse take a daidai lanƙwasar, tun yana cikin mahaifa. Abin da ya riƙe shi wata 'yar hanya ce da kowane jariri ke zuwa da ita, wadda ke rufewa da kanta 'yan kwanaki bayan haihuwa. Tana fara rufewa sai jini ya daina isa ƙasan jikinsa. Ya ƙi nono, numfashi sama-sama, fitsari ya ɗauke, ƙafafu sanyi ƙalau. Akwai maganin da ke riƙe hanyar a buɗe na ɗan lokaci, amma sai an yi aikin zuciya da gaggawa. Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ce daga nan, balle ƙasar waje. Ana cikin haɗa takardu rai ya yi halinsa.

Masu cewa sanyi ne ko sakacin uwa, don Allah ku bari. Halitta ce, kuma maganar tana ƙona mata rai.

Ungozomar da ta taɓa hannunsa ta ji bugun jini, ta taɓa matsematsinsa ta ji shiru, ta ce "ku tashi yanzu, kada ku jira safiya", Allah ya biya ki. Haka ma'aikatan ɗakin jarirai da suka kwana tsaye a kansa. Inna, ke kika riƙe mai jego da ruwan zafi da kunun kanwa, kina ɓoye naki hawayen. Maƙwabta sun ciyar da yayyensa ba mu roƙa ba. Liman da jama'ar da suka raka shi makwancinsa, mun gode.

'Yan uwana na Kasuwar Dole, kuɗin tafiyar da kuka tara suna nan ba a taɓa ba. Mai son nasa ya same ni a rumfa. Abin da ya rage za mu sayi magani mu kai ɗakin jarirai. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya muku naku.