Abin da aikin kwatanta biranen Florida ya koya mini

A zangona na biyu a fannin tsara birane, malamarmu ta ba mu aikin kwatanta manyan biranen jihar Florida guda huɗu: Miami, Orlando, Tampa da Jacksonville. Na ɗauka aikin kwana biyu ne. Na buɗe alƙaluman ƙidayar 2020, na ga Jacksonville tana da mutum kusan dubu 950, Miami ba ta kai dubu 450 ba, Orlando kuwa dubu 300 da 'yan kai. Nan take na rubuta cewa Jacksonville ta ninka Miami. Da takardar ta dawo, tambaya ɗaya ce a gefe: ina iyakar kowane birni ta tsaya?

Ashe tun 1968 Jacksonville ta haɗe da gundumar Duval, har dazuzzuka da gonaki suna cikin lissafinta. Ita kuwa Miami 'yar ƙarama ce a taswira. Hialeah da ke kusa da ita, inda Sifaniyanci ya fi Turanci yawa a titi, gari ne daban mai magajinsa. Haka Miami Beach, wadda ake nunawa a hotunan talla. In ka haɗa yankin har Fort Lauderdale da West Palm Beach, mutum sama da miliyan 6 ne, yankin Jacksonville kuwa bai kai miliyan 2 ba. Abin da na yi tamkar a ƙirga mutanen cikin ganuwa ne a ce su ne Kano, a bar Fagge da Sabon Gari da Kumbotso.

Wannan gyaran takarda ne kawai. Abin da ya zauna mini a zuciya a wurin aiki na same shi, lokacin da na yi hutun bazara ina gyaran ɗakuna a wani otal kusa da wurin shaƙatawa na Disney World. Kowa cewa yake ya je Orlando, alhali wurin da aka buɗe a 1971 yana da nisan kimanin kilomita 30 daga tsakiyar birnin. Abokan aikina, waɗanda da yawansu 'yan Puerto Rico ne da Haiti, a Kissimmee da Poinciana suke kwana, saboda can ne kuɗin haya ya fi sauƙi. Wata baiwar Allah da muke aiki a bene ɗaya, kafin asuba take fitowa ta hau bas biyu. Wasu iyalai a tsofaffin masaukai na bakin titin 192 suke zaune, suna biya mako-mako, miji da mata da yara a ɗaki ɗaya, don ba su da kuɗin ajiyar da mai gida ke nema kafin ya ba da makulli. Baƙi suna wucewa ta gabansu kullum a motocin haya. Ranar da na fara kai wani abokin aiki gida na ga yaransa suna aikin makaranta a kan gado, na kasa cewa komai har na dawo.

Hatta guguwa ba ta san sunan birni ba. Guguwar Andrew ta 1992 a Homestead ta yi mummunar ɓarnarta, can kudu da Miami. A yankin Tampa ma, gida a bakin ruwan St. Petersburg da gida a cikin ƙasa can Brandon ba haɗarinsu ɗaya ba, ba kuma kuɗin inshorarsu ɗaya ba.

Da na koma makaranta na roƙi malamar ta bar ni in sake aikin, ko da ba za ta canja maki ba. Ta yarda. Na ajiye sunayen biranen, na bi gunduma-gunduma, na sa kuɗin haya kusa da albashin mai gyaran ɗaki, sannan na ƙara layin da babu shi a na farko: minti nawa ma'aikaci ke yi a hanya kafin ya isa otal.